Tarkacen Ɗakin Baba da Hayaƙin Bayan Unguwa

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, 'yan'uwana suka ɗora mini aikin buɗe ɗakinsa na soro in tantance abin da ke ciki kafin a zauna rabon gado. Littattafai da tufafi ba su ba ni wahala ba, domin kowa ya san inda za a kai su. Abin da ya tsaya mini shi ne wata kusurwa da marigayin ya mayar ma'ajiyar duk na'urar da ta daina aiki a gidan tun muna yara: rediyo uku, ɗaya mai cin kaset wanda da shi yake sauraren Kaduna da Landan kowace asuba, akwatin talabijin mai ƙatuwar ƙeya, fitilun caji da suka daina riƙe wuta, tsofaffin wayoyin hannu a cikin gwangwanin madara, cajoji da igiyoyinsu suka harɗe da juna, da baturan sola biyu a jingine a bayan ƙofa, bakinsu ya yi fari da wani gari mai kama da kanwa. Baba mutum ne da ba ya zubar da abu. A wurinsa komai yana da ranarsa, kuma duk abin da ya lalace mai gyara kawai yake jira.

Da na kai wa Hajiya bayani, sai ta ce: "Rediyon kaset ɗin ka bar mini shi. Sauran kuwa ka kira 'yan gwangwan, abin da suka ba ka a yi masa sadaka da shi." Washegari da hantsi na tsayar da wani matashi da ke wucewa da kurarsa. Ya shigo soro ya ƙare wa kayan kallo, ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu yana ɗora shi a kan wannan da wancan, abin da mayen bai kama ba ya ƙara dubawa da kyau, domin a sana'arsu jan ƙarfe da alminiyam su ne masu tsada. Muka daidaita, na sallama masa. Maimakon ya loda ya tafi, sai ya jawo akwatin talabijin ɗin ƙofar gida, ya kwance bayansa, ya sa guduma ya fasa wuyan kwalbar, ya zare wani dunƙulen jan ƙarfe da ke naɗe a wurin, ya jefa a buhu. Baturan kuma ya buɗe murafensu ya karkata su a bakin kwata, ruwan ya tsiyaye yana kumfa a kan siminti. Da na tambaye shi gilashin da ya bari fa, sai ya yi murmushi ya ce: "Alhaji, ai gilashi ba kuɗi ba ne, ko na ɗauka a hanya zan zubar." Ni da kaina na sa tsintsiya na share fasassun gilasan na zuba a shara, yaran maƙwabta suna tsaye a kaina babu takalma, suna tsintar ƙananan maɓallai don wasa. A ranar ban ga laifin komai ba. Daɗi ma na ji an rage mana tarkace, ga kuɗin sadaka ya samu.

Kimanin mako biyu bayan haka, cikin tsananin hunturu, na bi ta bayan unguwarmu da la'asar sakaliya don in yanke hanya. A can akwai wani fili kusa da kududdufi wanda tun tasowarmu juji ne, kuma na daɗe ina ganin baƙin hayaƙi yana tashi daga wurin ina ɗauka shara ake ƙonawa. A ranar ne gani ya kori ji. Samari huɗu ne da wani yaro da bai wuce shekara 12 ba, sun naɗe igiyoyin waya kamar gammo, sun ɗora su a kan tsohuwar taya da soson bayan firji, sun cinna wuta. Harshen wutar ba ja ba ne irin na itace, kore-kore ne da shuɗi-shuɗi, warin kuwa yana kama maƙogwaro tun daga nesa. Yaron ne yake juya dunƙulen da wani dogon ƙarfe don robar ta cinye a bar jan ƙarfen zalla, fuskarsa a cikin hayaƙin, ko ƙyalle bai rufe hanci da shi ba. Taku kaɗan daga nan wata yarinya tana suyar awara, awaki suna kiwo a kan toka, can gaba kuma wani dattijo yana ɗiban ruwan kududdufin da bokiti yana ba alayyafonsa. Na tambayi babbansu ko hayaƙin ba ya damunsu, sai ya ce: "Mun saba, Yallaɓai. In mun tashi muna shan madara, tana wanke ƙirji." A cikin tulin da ke jiran wuta na hango wata farar igiya mai ɗaurin baƙin salatif a tsakiya. Ba zan rantse cewa ta ɗakin Baba ce ba, amma irin ɗaurinsa ne sak.

Tun daga ranar na fara bin diddigin al'amarin, kuma abin da na karanta ya fi abin da na gani tayar da hankali. Robar da ake lulluɓe wayar wuta da ita, idan ta ƙone a fili, tana fitar da wasu sinadarai masu guba da ake kira dayoksin, waɗanda ba sa ruɓewa da wuri. Suna sauka a ƙasa da ciyawa, dabba ta ci, su taru a kitsenta da nononta da ƙwan kaji, daga nan su dawo tukunyarmu. Gilashin tsohon akwatin talabijin, wanda na share da tsintsiya, da dalma aka haɗa shi don ta tare hasken da ke cutar da mai kallo, kuma a babban akwati dalmar takan wuce kilo ɗaya. Dogon ƙwan fitila da murɗaɗɗen nan da aka yi ta tallata mana da sunan ba ya cin wuta suna ɗauke da zaiba, da zarar sun fashe tururinta ya bi iskar ɗaki. Batirin mota da na sola irin na ruwa kuwa, fiye da rabin nauyinsa dalma ce, ruwan cikinsa kuma asid ne mai cin fata da ƙarfe. Madara ba ta wanke ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mu mutanen Arewa ba yau muka fara jin sunan gubar dalma ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa MSF suka lura yara suna mutuwa barkatai a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, bincike kuma ya nuna duwatsun zinariyar da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje cike suke da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka rayu da gubar a jininsu. Wani zai ce wancan haƙar ma'adinai ce, me ya haɗa ta da tsohon batir? To, dalma dalma ce, ko daga dutse ta fito ko daga batir. A wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, sanadin kuwa fasa tsofaffin baturan mota da tankaɗe ƙasar wurin don a ciro dalma a sayar, aikin da har a tsakar gida ake yin sa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma daga abin da aka haɗiya, jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake zuƙa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sau da yawa ba ta nuna alama: yaro ba zai kwanta ciwo ba, sai dai ƙwaƙwalwarsa ta dushe, ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa ana kiransa daƙiƙi. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da shaguna da masallatai suka raja'a a kan sola, kuma kowane batir da aka ɗaura yau, nan da 'yan shekaru zai sauka ya nemi inda za a kai shi.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62, abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata kuwa kashi 22.3 cikin 100 ne kawai, a nahiyar Afirka bai ma kai kashi 1 ba, ana kuma hasashen tulin zai kai tan miliyan 82 a 2030. Kason Najeriya a wannan lissafi wajen tan 500,000 ne a shekara. Bayan namu, ga na wasu ana turo mana: wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, yawancinsu a cushe cikin motocin Baljiyam, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka. Mayar da mu bola tsohuwar ɗabi'a ce. Dubban gangunan shara mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta, su ne suka tilasta wa gwamnatin soja kafa dokar hana shigo da irin wannan shara a 1988, shekara guda kafin a ƙulla yarjejeniyar Basel mai taƙaita safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe.

Da wannan ɗan ilimin da na tara, da zumuɗi irin na sabon shiga, na tunkari ƙungiyar matasan unguwarmu, wadda aikinta a da bai wuce yashe kwata kafin damina da gyaran maƙabarta ba. Suka karɓi maganar hannu biyu-biyu, muka shirya taron wayar da kai ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya. Muka ɗauko hayar rumfa da kujeru da lasifika, mai unguwa ya zo, liman ya buɗe da addu'a ya kuma tunatar da jama'a cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Ni kuma na miƙe na yi ta zuba alƙaluma, tan miliyan kaza, kashi kaza cikin ɗari, har da labarin yadda Japan ta tattara tsofaffin wayoyi fiye da miliyan 6 da wasu na'urori, ta tace zinariya da azurfa da tagullar cikinsu, ta ƙera lambobin yabo kimanin 5,000 na gasar Olamfik ta Tokyo. Aka yi tafi. Da aka ba da damar tambaya, wani dattijo tsohon direba ya miƙe a hankali ya ce: "Ɗana, mun ji, Allah ya yi maka albarka. Ka ce kada mu zubar a bola, kada mu ƙona, kada mu bari a fasa. To, yanzu haka ina da mataccen batir a ƙarƙashin gado. Ina zan kai shi gobe da safe?" Na yi ta kame-kame, domin ba ni da amsa. A ganina wannan ita ce cutar da ke damun yawancin tarukan wayar da kai a garuruwanmu: a raba riguna da huluna, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a gaya wa talaka abin da zai saki ba a nuna masa abin da zai kama ba. Ni ma a ranar abin da na yi ke nan.

A zaman da muka yi bayan taron, wasu matasa suka kawo shawarar a haɗa kai da 'yan sintiri a kori masu ƙona waya, a kuma hana 'yan gwangwan shigowa lungunanmu, musamman da yake ana zarginsu da ɗauke-ɗauke. Ban goyi bayan wannan ba, kuma har yanzu ina kan bakana. Gaskiya ne akwai ɓata-gari a cikinsu, masu kwance wayar taransifoma da murafen kwalbati, kuma hukunci ya dace da su, amma wanda ya yi wa sana'ar kuɗin goro bai yi adalci ba. Babu wata hukuma ko kamfani a ƙasar nan da ke da ma'aikatan da suke shiga kowane lungu kowace rana, su yi sallama a ƙofar gida, su biya ka kuɗi don su ɗauke maka abin da ba ka so, in ba su ba. Kora kuma an gwada ta a wani wuri an ga iyakarta. A Agbogbloshie da ke birnin Akara, inda dubban matasa, yawancinsu daga arewacin Ghana, suke wannan aiki, hukumomi sun rushe wurin a watan Yulin 2021, sai aikin ya warwatsu zuwa wasu unguwanni. Da mun kore su daga bayan unguwarmu, bayan wata unguwar za su koma, iska kuwa ba ta san iyakar mai unguwa ba.

Don haka muka nemi ubangidansu, mai sikelin da suke kai wa kaya. Muka same shi a cikin shingen langa-langa, yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota, littafin lissafi a cinyarsa. Ya saurare mu har muka kai aya, sannan ya ce: "Malam, ku 'yan boko kuna ɗauka ba mu san hayaƙin nan cuta ne ba. Ni da kake gani, in sanyi ya shigo ba na barci don tari. Amma yaron da ya wuni yana tura kura, in ya zauna feɗe waya da reza, abin da zai feɗe a yini bai kai kuɗin abincinsa ba. Wuta kuwa yanzun nan ta gama." Daga bakinsa na fahimci cewa jan ƙarfen da aka feɗe, mai sheƙi, ya fi ƙonanne daraja a wurin masu saye, shi ya sa ba a cika ƙona kaurarar waya ba; sirara irin na caja da na cikin rediyo da mota su ne suke shiga wuta. Maganin wannan inji ne, mai feɗewa ko mai daddatsa wayar ya raba roba da ƙarfe, irin wanda wasu ƙungiyoyi suka kafa a Agbogbloshie a 2014, mu kuwa ba mu da kuɗinsa. Iyakar abin da muka cimma da shi, yaransa su daina fasa talabijin da tsiyaye batir a ƙofar gidajen mutane, ƙananan yara su daina tsayawa a kan wuta, a kuma matsa da ƙonawar nesa da kududdufi. Na farkon ya ɗore, na biyun sai da mai sa ido, na ukun kuwa bai kai wata guda ba aka koma gidan jiya.

Sannan muka koma ga tambayar dattijon. Mai unguwa ya roƙar mana wani ɗaki da ba a amfani da shi, mai daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, nesa da rijiya, muka sanar a masallatai cewa ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin da ake hana zirga-zirga don tsaftar muhalli, kowa ya fito da mataccen kayan wutar da ke gidansa. Muka gayyato samari biyu 'yan unguwa masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta nan Kano, da wani dattijo mai gyaran rediyo da fanka, suka kafa tebura a gindin darbejiya. Cikin duk abin da muka yi babu wanda ya kai wannan amfani, domin da yawa daga abin da aka kawo da sunan ya mutu, ashe suma ya yi: waya ce da ƙura ta toshe mata bakin caji, ko fitilar da batirinta kawai ya gaji, ko fankar da wani ɗan abu mai arha ya ƙone mata. Na tsaya ina kallon ɗaya daga cikin samarin yana goge injin wata waya da tsohon buroshin haƙori, ya taɓa wuri ɗaya da bakin ƙarfensa mai zafi, ya mayar da murfi, wayar ta kawo haske, mai ita ya rafka salati. Wannan gwanintar da ke Farm Centre da Titin Beirut da Sabon Gari, wadda muke rainawa, ita ce Turawa suke fafutukar dawo da ita. Sai a 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ba mai saye haƙƙin a gyara masa kayansa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda mata suka ƙi fitar da tsofaffin wayoyinsu. Ƙanwata ce ta fahimtar da ni dalili: a cikin kowace waya akwai hotunan biki da na cikin gida da saƙonni, wani lokaci har da bayanan banki, kuma kowa ya sha jin labarin wadda ta kai gyara ko ta sayar, hotunanta suka shiga duniya. Mace ta gwammace wayar ta ruɓe a ƙasan adaka da ta faɗa hannun wanda ba ta sani ba, kuma tana da gaskiya. A zagaye na biyu sai muka ware tebur a cikin gidan mai unguwa, ɗalibai mata biyu suka zauna a kai, suna cire layi da memori su miƙa wa mai su. Wayar da take kunnuwa a fitar da ita daga asusun Google da WhatsApp, a goge ta ta koma yadda ta fito daga kamfani, wadda ba ta kunnuwa kuma a cire mata batir, a lalata guntun da ke riƙe bayanai a gaban mai ita. A ranar sai da muka nemo ƙarin kwalaye.

Abin da ya mutu murus muka rarraba shi. Ƙarfe da alminiyam da kaurarar waya da injinan waya muka sayar wa mai sikeli, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya. Baturan sola da na mota wani dila ya yarda ya karɓe su a rufe da ruwansu ya rage wa mai su kuɗin sabo, domin shi ma yana da masu kai su masana'antar narka dalma. Hankalina bai kwanta sosai da wannan hanya ba, amma dai ba a tsakar gida ake fasa su ba. Baturan waya, musamman waɗanda suka kumbura, suna iya kamawa da wuta idan aka huda su ko zafi ya yi musu yawa, don haka muka liƙe bakin kowanne da salatif, muka jera su a ganga muna barbaɗa yashi tsakaninsu. Ƙwayayen fitila muka naɗe da takarda muka sa a kwali, akwatunan talabijin kuma muka jera a jikin bango ba a taɓa gilashinsu ba.

A nan ne gizo yake saƙar. Waɗannan ukun na ƙarshe babu mai sayensu, domin sarrafa su kashe kuɗi ne ba samu ba, kuma kamfanonin da ke da lasisi da kayan aikin yin haka yawancinsu a Legas suke, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Kano. A rubuce dai akwai mafita. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli a Najeriya, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022, kuma ginshiƙinsu shi ne duk wanda ya ƙera ko ya shigo da na'ura ya sayar, alhakinta yana wuyansa har bayan ta mutu. A 2018 kuma aka kafa wata ƙungiya mai suna EPRON don ta karɓi kuɗi daga irin waɗannan kamfanoni a biya masu tattarawa da masu sarrafawa. Tsarin yana da ma'ana, domin shi ne zai sa gilashin da aka ce mini ba kuɗi ba ne ya zama kuɗi a idon ɗan gwangwan. Ranar da aka ce duk wanda ya kawo akwatin talabijin bai fasa ba za a biya shi, a ranar za a daina fasa shi a ƙofar gida ba tare da an yi wa kowa wa'azi ba. Abin da muke buƙata a Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri shi ne wuraren karɓa da kowa ya san da su, a bakin manyan kasuwannin da ake sayar da kayan tun farko.

Kafin wannan ya samu, mun kai takardar neman agaji wani ofishi da ke kusa da mu, aka buga mata hatimin an karɓa, muka koma sau biyu aka ce oga ya yi tafiya. Mun tuntuɓi wani kamfani a Kudu, suka amsa cikin mutunci cewa za su karɓa idan kayan sun cika mota, kuɗin motar kuma a kanmu. Yanzu abin da muke ciki shi ne lallashin unguwanni uku maƙwabta su yi irin abin da muka yi ko ma haɗu mu cika motar mu raba kuɗinta, kuma mun sa wa kanmu ranar 14 ga Oktoba, wadda ake ware ta duk shekara don sharar kayan lantarki. Biyu sun amsa, ɗaya tana jiran mai unguwarta ya dawo daga Umara. Batirin tsohon direban nan ya bar ƙarƙashin gado, mai shi ya samu ragi a kan sabo, kuma duk inda muka haɗu sai ya tambaye ni labarin motar Legas.

Rediyon Baba kuwa, dattijo mai gyara ya buɗe shi ya tarar robar da ke juya kaset ce ta saki, ya sa wata, bai karɓi ko sisi ba don ya san marigayin. Yana kan tagar ɗakin Hajiya, da shi take jin labaran asuba, kuma gwangwanin madarar da Baba yake tara matattun wayoyi a ciki, yanzu a nan take jefa baturan rediyon idan sun ƙare. Jiya ta aiko jikanta da shi a cike, da saƙon a juye a dawo mata da gwangwaninta kafin magariba.